Yadda ake gina gidan talabijin daga tasha guda: bin sawun Ted Turner

Shekara awa 8,760 ce. Duk wanda ya buɗe tashar da ba ta rufewa dare da rana ya ɗaukar wa kansa nauyin cika kowace awa a ciki da abin kallo, kuma kowace awa da kuɗinta. Daga wannan lissafi ake fara tunanin mallakar gidan talabijin, ba daga ginin situdiyo ko sayen kyamara ba. Aikin Ted Turner, Ba'amurken da ya kafa CNN, ya dace a bi shi daki-daki, domin ya faro daga tasha guda mai asara, ya kai ga tashoshin da ake kallo a duniya, daga baya kuma kamfanin ya suɓuce masa yana ji yana gani. Ana iya ganin inda ya yi daidai da inda aka kama shi.

Ka fara da sana'ar da ke kawo kuɗi kullum

An haifi Turner a 1938 a Cincinnati. Bai shigo harkar talabijin hannu wofi ba. Mahaifinsa yana da kamfanin allunan talla na bakin titi a kudancin Amurka, da ya rasu a 1963 sai ɗan ya karɓi ragama yana ɗan shekara 24. Allon talla ba sana'ar burgewa ba ce, amma kuɗinta na shigowa wata-wata, kuma tana koya wa mutum abin da zai rayu da shi a talabijin: yadda ake zama da mai talla a sayar masa da idon jama'a.

Sabuwar tasha takan shekara biyu ko uku tana ci ba ta bayarwa. Idan babu wata sana'a a gefe da ke biyan albashi da kuɗin wuta a wannan tsakani, bashi ne zai biya, kuma mai bashin ne zai zama mai tashar. Turner ya ƙara da wata dabara: allunan da ba a saya ba, maimakon su zauna fayau, sai ya liƙa musu tallar tasharsa.

Sayen tashar farko

A 1970 ya sayi wata tasha a Atlanta mai lamba 17, ta hanyar musayar hannun jari na kimanin dala miliyan 2.5, ya sa mata suna WTCG. Tana kan zangon UHF, wanda a lokacin shi ne saniyar ware. Manyan tashoshi suna kan VHF, mai tafiya nesa da ƙaramin ƙarfi. UHF yana shan wuta sosai, gini da tudu suna tare shi, kuma sai daga 1964 doka ta tilasta wa masu ƙera akwatin talabijin a Amurka su sa masa wurin kamawa. Mai kallo sai ya ɗaura wata 'yar eriya mai zobe a bayan akwati, ya yi ta murɗa maɓalli kafin hoto ya tsaya. Shi ya sa tashar ta yi araha.

Kafin ka sayi irin wannan tasha, duba abubuwa huɗu da idonka. Lasisi: saura shekara nawa, akwai ƙara a kansa, kuma hukuma za ta yarda a mayar da shi sunanka? A Amurka hukumar kula da sadarwa, FCC, ce ke sa hannu, in ba ta sa ba ciniki bai faɗa ba. Na'urar watsawa da hasumiya: ka ɗauki injiniya mai zaman kansa ya fita da ma'auni ya gano iyakar da hoto ke kaiwa a zahiri, kada ka dogara da taswirar mai sayarwa. Kwangilolin shirye-shirye: tasha mai asara kusan kullum tana da bashin masu sayar da fina-finai a ɓoye, kuma bashin yana bin tashar ne. Sai littafin talla: nawa aka sayar da kuɗi hannu, nawa aka yi musaya da kaya. Tallar musaya tana cika littafi amma ba ta biyan albashi.

Kada kuma ka haɗa marasa lafiya biyu a gado ɗaya. A shekarar ce Turner ya sayi tasha ta biyu a Charlotte, ita ma mai asara, har ta kai shi ga fitowa a allo yana roƙon masu kallo su ranta masa kuɗi. Ya biya su daga baya, tashar kuma ta yi masa rana, amma saura ƙiris ta ja ta Atlanta su nutse tare.

Abin da ake sa wa allo idan aljihu bai da nauyi

Ƙaramar tasha ba ta karawa da manya a inda suka fi ƙarfi. Ana duba jadawalinsu ne awa-awa, a tambayi kai: a wannan lokaci, wane ne bai samu abin kallo ba? Idan tashoshi uku suna karanta labaran yamma, akwai gidajen da ba sa son labarai, sai a ba su wasan barkwanci. Idan safiyar Lahadi duk wa'azi ne, sai a sa tsohon fim mai kyau. Haka WTCG ta yi da tsofaffin fina-finai, da zane mai motsi na yara, da kokawa. Labaran da doka ta wajabta mata kuwa, can cikin tsakar dare take sa su. Cikin 'yan shekaru ta fara cin riba.

Wajen sayen tsohon shiri, farashin da aka faɗa maka ba shi ne farashi ba. Ka raba shi da yawan nunawar da kwangila ta ba ka. A misali, fim ɗin dala 6,000 da za ka nuna sau 6 cikin shekara 4, kowace nunawa dala 1,000 ce, wato dala 500 a kowace awa idan fim ɗin awa biyu ne. Wanda aka ba ka a dala 4,000 amma nunawa 2 kacal ya ninka shi tsada. Don haka a teburin ciniki, ka ja a kan yawan nunawa da tsawon shekaru fiye da yadda za ka ja a kan kuɗi.

Wasanni kuwa su ne ƙashin bayan ƙaramar tasha, domin ba a samunsu a wani wuri kuma ba sa kwana. Turner ya karɓi haƙƙin nuna wasannin besbol na ƙungiyar Atlanta Braves, sannan a 1976 ya sayi ƙungiyar ɗungurungum, shekara guda bayan haka ya ƙara da Atlanta Hawks ta ƙwallon kwando. Ƙungiyar besbol tana buga wasa 162 a kaka guda, kowane wasa kusan awa uku. Wannan ɗaruruwan awanni ne kai tsaye waɗanda babu mai ƙara maka farashinsu, babu kuma mai ɗauke ƙungiyar ya kai ta wani gari ya bar ka da allo babu komai. Braves ba ta cin wasa sosai a shekarun nan. Ga mai tasha wannan bai hana ta biyan buƙata ba.

Lissafin talla

Mai talla ba lokaci yake saya ba, mutane yake saya, kuma a kan kowane dubu ake yanke farashi. A ce dubu ɗaya dala 5 ne, shirinka kuma mutum 200,000 ke kallo, to tallar daƙiƙa 30 dala 1,000 ce. Idan kana da minti 8 na talla a awa, gurbi 16 ke nan, dala 16,000 a takarda. A aljihu ba haka ba ne. Ba a sayar da kowane gurbi, musamman bayan sha biyun dare. Kamfanin da ya kawo tallar yakan cire kashi 15 cikin ɗari bisa tsohuwar al'ada. Kuɗin ma sai bayan wata ɗaya zuwa uku yake shigowa, alhali albashi ba ya jira. Gurbin da ya wuce ba a sayar ba kuwa ya tafi ke nan, ba a ajiye shi sai gobe.

Hanyar shiga gidaje

A nan ne Turner ya bambanta da sauran masu ƙananan tashoshi, kuma a nan ya kamata mai karatu ya dakata. Hasumiya, komai tsawonta, ba ta wuce gari da kewaye. A Satumba 1975 tashar HBO ta fara aika shirye-shiryenta ta tauraron ɗan'adam zuwa kamfanonin kebul, masu kai hoto gidaje ta waya, da damben Muhammad Ali da Joe Frazier a Manila. Tauraron yana zaune kimanin kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, yana juyawa daidai da juyawarta, don haka farantin kama hoto da aka saita masa sau ɗaya ba ya buƙatar motsi. Tashar ƙasa guda ta harba hoto sama, duk mai faranti a faɗin ƙasa ya kama. Kuɗin harbawa ɗaya ne, ko kamfanin kebul ɗaya ke kamawa ko dubu.

Kamfanonin kebul a lokacin suna da waya a gidaje amma ba su da abin da za su zuba a ciki. Turner yana da abin zubawa amma ba shi da waya. Ranar 17 ga Disamba 1976 WTCG ta hau tauraron Satcom 1 na kamfanin RCA, tashar gari ta zama ta ƙasa. A 1979 aka sauya mata suna zuwa WTBS.

Matsaloli uku suka biyo baya, kuma duk wanda ya faɗaɗa tasha zai haɗu da irinsu.

Ta farko doka. Ƙa'idar FCC ba ta yarda mai tasha ya zama shi ne mai ɗaukar hotonsa zuwa kamfanonin kebul ba. Sai ya sayar da kamfanin ɗaukar hoton, Southern Satellite Systems, ga Ed Taylor a kan dala ɗaya. Senti 10 da kamfanonin kebul ke biya a kan kowane gida duk wata can yake tafiya, ba aljihun Turner ba. Abin da ya rage masa talla ce kawai.

Ta biyu, masu talla sun ƙi biyan kuɗin masu kallon da ba a ƙirga ba. Kamfanin Nielsen yana auna masu kallon tashar ne a matsayin ta Atlanta, saboda haka gidan da ke kallo a wata jiha mai nisa tamkar babu shi ne. Mafitar ita ce tallar kai-tsaye: a nuna wuƙaƙen kicin ko faifan waƙa, a sa adireshi da lambar waya, tasha ta karɓi kasonta daga kowane ciniki. Irin wannan talla ba ta neman alƙaluman kowa, kuma tana haifar da hujja. Ambulan ɗin da ke shigowa kowanne da hatimin gidan wayan garin da aka jefa shi, in aka zube su a tebur aka ware jiha-jiha, an samu taswirar masu kallo da za a ajiye a gaban babban mai talla.

Ta uku, masu fina-finai sun farga. Sun sayar da haƙƙi a farashin gari guda, ga shi ana kallo a ƙasa baki ɗaya, masu tashoshin wasu garuruwa da suka sayi shirin nan suna ƙorafi. Da kwangila ta ƙare sai farashi ya tashi, wasu ma suka ƙi sabuntawa. Wanda ke haya, ranar da kasuwarsa ta buɗe ita ce ranar da mai gida zai ƙara masa kuɗi. Wannan ciwo ne ya tura Turner neman rumbun fina-finai nasa na kansa.

Wata ƙaramar dabara daga 1981: WTBS ta riƙa fara shiri da minti 5 bayan awa, da minti 35. Hakan ya ba ta layinta daban a jadawalin jaridu, kuma in shirinta ya ƙare, na sauran tashoshi ya riga ya yi nisa, sai mai kallo ya zauna inda yake.

Tashar labarai ta awa 24

CNN ta fara aiki ranar 1 ga Yuni 1980, Reese Schonfeld ne shugabanta na farko. Don samun jari Turner ya sayar da tashar Charlotte ga kamfanin Westinghouse a kan dala miliyan 20. A wannan karo ya gyara kuskuren baya: CNN ba ta iska take bi ba, ta kebul ce zalla, don haka kuɗin kowane gida, senti 15 zuwa 20 a wata, nasa ne, ga talla a kai. Ƙofa biyu ke nan ta samun kuɗi, kuma ta farko ba ta damu da ko an kalla ko ba a kalla ba.

Amma yi lissafin farkon. Gidaje kimanin miliyan 1.7 ke samun tashar ranar da aka buɗe. Ko a senti 20, dala 340,000 ke nan a wata, alhali asarar tana kai wa kimanin dala miliyan 2 duk wata. Sai a 1985 ta ci riba. Duk mai shirin buɗe tashar labarai ya rubuta shekara biyar na asara a kasafinsa, ya kuma san takamaimai inda kuɗin cike giɓin zai fito.

An rage tsada ta hanyoyin da har yanzu suna aiki. Hedikwata a Atlanta, inda haya da albashi ba su kai na New York ba, a cikin tsohon ginin wani kulob. Matasa sababbin kammala jami'a da ke yin aiki biyu ko uku. Musayar hotuna da tashoshin garuruwa maimakon buɗe ofis a ko'ina. Ɗakin labarai kansa ya zama bayan mai karanta labarai, ba sai an gina wani dandali ba.

Abin da ya kusa kashe ta tun ba a haife ta ba shi ne tauraro. Satcom 3, wanda aka yi mata ajiyar wuri a kansa, ya ɓace a sararin sama a Disamba 1979, 'yan kwanaki bayan harba shi. Sai da Turner ya kai RCA gaban shari'a kafin ya samu gurbi a Satcom 1. Kwangilar tauraro, ko ta duk wata hanyar da hotonka ke bi, dole ta faɗi a rubuce inda za a mayar da kai idan hanyar ta mutu, da cikin kwana nawa.

Kishiya ma za ta zo da zarar an ga alamar kasuwa. Da babban gidan talabijin na ABC da Westinghouse suka sanar da tasu tashar labarai, Turner ya riga su da tasha ta biyu mai taƙaitattun labarai a farkon Janairu 1982, ya cike gurbin da za su shiga a wayoyin kebul. A 1983 ya saye tasu a kan dala miliyan 25 ya rufe ta. Wayar kebul ta wancan zamani tashoshi kaɗan take ɗauka, wanda ya riga shiga shi ke da wuri.

Ranar da tashar labarai ke yin suna kuwa, shirin watanni ne ke bayanta. A daren 17 ga Janairu 1991, da aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza a yaƙin Gulf, layukan waya na gari suka yanke. 'Yan jaridar CNN, Bernard Shaw da Peter Arnett da John Holliman, suka ci gaba da magana daga otal ɗin Al-Rashid, domin CNN ta riga ta nemi izinin wani layi na musamman da ba ya bi ta cibiyar wayar gari. Babu hoto ma, murya ce kawai, amma duniya ta koma kansu.

Rumbun fina-finai da bashin da ya zo da shi

A 1985 Turner ya yi yunƙurin saye babban gidan talabijin na CBS bai samu ba. A 1986 ya sayi kamfanin fina-finai na MGM/UA daga Kirk Kerkorian a kan kimanin dala biliyan 1.5, kusan duka da takardun bashi masu tsadar kuɗin ruwa. Cikin 'yan watanni ya mayar wa Kerkorian sunan MGM, ya sayar da filin situdiyo, ya riƙe rumbun kawai: fina-finai fiye da 3,000. Mutane da yawa sun ce an cuce shi.

Ta fuskar kaya ba a cuce shi ba. Fim ɗin da ka mallaka, nunawa ta ɗari ba ta cin ko sisi na haƙƙi. A kan wannan rumbu aka gina TNT a 1988 da Turner Classic Movies a 1994. Ya maimaita dabarar a 1991 da sayen Hanna-Barbera a kan kimanin dala miliyan 320, a 1992 aka buɗe Cartoon Network. Kowace sabuwar tasha tana karɓar nata kuɗin gida da nata talla, da kayan da aka riga aka biya.

Ta fuskar yadda aka biya kuwa, nan ne ƙafarsa ta zame. Cikin cinikin akwai wani nau'in hannun jari da aka ba Kerkorian, wanda idan ba a biya ribarsa da tsabar kuɗi ba sai a biya da hannun jarin kamfani, kason Turner ya riƙa zaizayewa. A 1987 gungun kamfanonin kebul, TCI ta John Malone da Time Inc. a gaba, suka zuba fiye da dala miliyan 560 suka karɓi kashi 37 cikin ɗari. Sun samu kujeru 7 cikin 15 a hukumar daraktoci, da ikon hana duk wani kashe kuɗi da ya haura dala miliyan 2. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Turner yana da rinjayen ƙuri'a, amma da ya so sayen gidan talabijin na NBC a shekarun 1990, Time Warner, wadda ta gaji kason Time Inc., ta ce a'a, magana ta mutu.

Idan za ka karɓi jari daga waje, kada ka tsaya a tambayar kashi nawa za su ɗauka. Karanta jerin abubuwan da ba za ka iya yi ba sai da yardarsu. Ka nemi a ɗaga iyakar kuɗin yayin da kamfani ke girma, domin dala miliyan 2 da ta yi kama da babban kuɗi a ranar matsi ba komai ba ce bayan shekara biyar. Ka nemi ikon hanawar ya faɗi da kansa idan bashi ya sauko zuwa wani adadi. Ka kuma lura ko mai zuba jarin yana da wata sana'a da za ta ci karo da taka, domin ranar da muradunku suka rabu, nasa zai kare.

Haɗewa da babban kamfani

A 1996 Turner ya haɗe kamfaninsa da Time Warner a cinikin kimanin dala biliyan 7.5, ya zama mataimakin shugaba kuma mai kusan kashi 10 cikin ɗari. Dukiyarsa ta haɓaka, har a 1997 ya yi alkawarin dala biliyan 1 ga ayyukan Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma kashi 10 ba rinjaye ba ne. Da aka sanar da haɗewar kamfanin intanet na AOL da Time Warner a Janairu 2000, aka sake tsarin shugabanci, aka cire tashoshin da ya kafa daga ƙarƙashinsa. Farashin hannun jarin ya rushe, kamfanin ya bayyana asarar kusan dala biliyan 99 a 2002, Turner da ya riƙe mafi yawan dukiyarsa a hannun jarin kamfani guda ya yi asarar biliyoyin daloli. Ya ajiye muƙaminsa a 2003, ya bar hukumar daraktoci a 2006.

Mai tashar da za a saye da hannun jari yana da abubuwan da zai sa lauyansa ya rubuta kafin ya sa hannu. A ambaci tashoshin da za su zauna a ƙarƙashinsa da sunayensu, ba muƙami kawai ba. A faɗi abin da zai faru da wannan iko idan kamfanin ya sake haɗewa da wani. A karɓi wani kaso na cinikin da tsabar kuɗi, a kuma taƙaita wa'adin da aka hana shi sayar da hannun jarin da aka ba shi, don ya samu damar rarraba dukiyarsa tun farashi yana sama.